Ranar da Baballe Ya Tsallake Ni

Litinin, 3 ga Fabrairu

Dakta Monica ta ce ni zan karanta takardar. Ni da bakina.

Na ɗauka wasa take yi, har na yi dariya. Shekara da shekaru haka muke a tashar binciken nan ta Kadawa: ni in shiga gonaki in ɗebo ƙasa, in auna, in rubuta, ita kuma ta tashi gaban jama'a ta karanta da sunanmu mu biyu. Ba wanda ya taɓa ƙorafi. Yau sai ta cire gilashinta ta ce, "Taufiq, a watan Yuni zan yi ritaya in koma Kagoro. Wa zai riƙa yi maka baki?" Ta ce in shugabanni ba su ga zan iya tsayawa gaban manoma ba, ɗakin gwaji na birni za su mayar da ni, in zauna ni da kwalabe. Ni da ko biki na shiga Kano sai kaina ya kama ciwo.

Na so in ce mata, Dakta, kin san fa ina da in'ina. Kalmar in'inar ce ma ta maƙale. Ta jira har na fitar da ita, sannan ta ce, "Na sani. Sai me?"

Taron mako mai zuwa ne, Talata zuwa Alhamis, a babban ɗakin taro na Kura. Ruwa, Noma da Al'adu. Malaman jami'a, shugabannin manoma, da yamma kuma wasanni. Ni ranar Laraba.

Ban iya cin abincin rana ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na gwada a gaban matata Rahma bayan la'asar. Ta ajiye tsintar shinkafa ta zauna kamar ɗaliba.

Abin da na rubuta ba shi da wuya. Ciyawar kacalla ta toshe magudanan da ke fitar da ragowar ruwa daga gonaki, ruwa ya kwanta, ƙasa ta fara tofar da kanwa, ta yi fari, tumatir ya ƙi. Shi ke nan. Amma kalmar nan, magudana, ita ce abokiyar gabata tun ina yaro, ga ta kuma a kowane shafi. Leɓɓana su haɗe a kan "ma" ɗin su ƙi rabuwa.

Rahma ta ce, "Abban Ni'ima, ka ce kwata mana." Na ce kwata ta bayan gida ce. Ta ce to ka ce hanyar ruwa. Na ce hanyar ruwa ai ita ke kawowa, wannan fitarwa take yi. Ta ce, "Ka ga? Da ni kake musu ba ka maƙale ko sau ɗaya ba."

Ta kuma zazzage mini ƙasa daga aljihun rigata, kamar kullum. Wai wata rana gero zai tsiro a jikina.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Inna lillahi. Baballe.

Stephen direbanmu ne ya faɗa mini a mota, yana ta dariya, bai san wuƙa yake caka mini ba. Wai masu shirya taro sun ɗauko Baballe na Bunkure. Zai zauna ya saurari duk laccocin yini, da yamma ya tashi ya kwaikwayi masu laccar ɗaya bayan ɗaya. Wai don manoma su huta da Turanci.

Baballe ɗan Goggo Kulu, yayar Baba. Taubashina. Tun muna rarrafe yake da lasisin tsokanata, ni ma ina da nasa, sai dai ni ba ni da bakin ramawa. Shi ya sa mini Injin Ban-ruwa muna aji uku. Ya tsaya bayana yana jan igiya a iska, tu-tu-tu-tu, "A zuba masa mai!" Har malami sai da ya juya wa allo fuska yana dariya. Har yau a Bunkure akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba.

A gida ba ya damuna. Wallahi ba ya damuna, wasan taubasai ne, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Amma a gaban farfesoshi da darektanmu? Ga yara da wayoyi, kafin magariba ya zaga duniya.

Jumma'a, 7 ga Fabrairu

Ban ji huɗuba ba. Ina zaune a sahu ina ta maimaita magudana a zuci. A zuci lafiya lau take fita.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na je Bunkure. Ban nemi Baballe ba, na san abin da zai ce. Kai tsaye gidan Goggo Kulu na wuce.

Na same ta tana yanka tumatir na shanya, tsakar gida ja wur. Na durƙusa na gaishe ta, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Ɗan ƙanena guda zai tsaya gaban manya, shi kuma wannan sakaran ya mayar da shi abin dariya?" Ta aika aka kira shi daga majalisa.

Ya shigo da fara'arsa, tun daga zaure yana jan igiyarsa, "Wa nake ji kamar Inji?" Goggo ba ta bari ya zauna ba. Ta ce, "In ka kwaikwayi Taufiƙu a wurin taron nan, ko da ido ne, ban yafe ba."

Ban zaci za ta kai nan ba. Na ɗauka faɗa kawai za ta yi masa.

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "To, Inna." Ya sa takalminsa ya fita.

Na dawo da ƙullin kauɗar tumatir da zuciya sakayau. A hanya har tsayawa na yi a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, na wanke fuska, ina kallon yara suna iyo. Alhamdu lillahi. Rabin kayan ya sauka.

Da na ba Rahma labari, sai ta karɓi kauɗar ta juya ta shige ɗaki. Wannan juyawar tata na san ta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar farko. Ɗaki ya cika har tagogi. Gaba manyan riguna da kwat, baya manoma, wasu da laka a ƙafar wando, daga ban-ruwa suka wuto.

Wani farfesa daga Zariya ya yi magana a kan tarihin madatsar ruwa da yadda kanal ya sauya garuruwan nan. Ya iya, ba laifi, sai dai tun yana tsakiya yake cewa "a taƙaice" kuma bai taƙaita ba har aka kira azahar. Wata malama ta yi bayani a kan waƙoƙin mata masu turara shinkafa, na ji daɗin wannan, akwai wadda mahaifiyata take yi tana juya tukunya. Shugaban zama ya yi barci da idonsa ɗaya a buɗe.

A bakin ƙofa muka haɗu da Baballe. Na shirya jin tu-tu-tu. Sai ya cire hula rabi, ya ce, "Barka da zuwa, Malam Taufiq. An zo lafiya? Ya iyali?" Ya ba ni hannu biyu kamar baƙo. Malam Taufiq! Tunda aka haife mu bai taɓa kirana haka ba. Na amsa, na wuce. To ai abin da na nema ke nan.

Bayan la'asar aka fitar da kujeru fili. Matan Kura suka yi kiɗan ƙwarya, ɗalibai suka yi wasan kwaikwayo a kan tsargiya da wankan kanal, wani saurayi ya karanta waƙa. Sannan Baballe, da rawanin buhun taki da gilashin da babu kwalba.

Kai! Yaron nan Allah ya ba shi. Ya yi farfesan Zariya: "A taƙaice," ya duba agogo, ya shimfiɗa tabarma, "a taƙaice," ya aika a kawo masa sahur. Ya yi shugaban zama da ido ɗaya. Farfesan da kansa ya tashi ya manna masa kuɗi a goshi yana share hawaye. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, ina yi ina gode wa Allah da Goggo Kulu. Da gobe ni ne a hannunsa.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan azahar

NA YI. Na gama. Ina raye.

A masallacin wurin taro nake rubuta wannan.

Da aka kira sunana na ɗauki takardata na fita gaba. Sallama ta fita lafiya. Shafin farko na yi tuntuɓe nan da can, ba mai yawa ba. Sai ga ta. Magudana. Leɓɓa suka haɗe. Ina jin lasifika tana ɗaukar numfashina tana watsa wa jama'a. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai shekara ce. Na hango darekta yana kallon takalminsa. Na hango Dakta Monica, ita kuwa ni take kallo, hannu a haɓa, kamar mai jiran mota da ta san za ta zo.

Ta fito. Ba wanda ya mutu.

Daga nan na ajiye takardar, don na ga karatun ne yake shaƙe ni. Na ciro ƙasa biyu da na zo da su a leda, baƙa ta gonar kirki da fara ta gonar da ruwa ya kwanta. Na ɗaga su. Ban san lokacin da na dangwali farar na kai baki ba, yadda nake yi a gona in ji kanwarta. A gaban farfesoshi! Sai da na ji 'yar dariya daga baya na farga.

Wani dattijo, Malam Abdulsamad, shugaban manoman wani sashe a wajen Bunkure, ya tashi ya tambaya ko ƙasar da ta yi fari tana dawowa. Na ce tana dawowa, in an buɗe mata hanya ruwa ya wanke ta. Na maƙale sau biyu ko uku a amsar. Ya jira. Ya ce Allah ya yi albarka.

Dakta ta matse mini hannu ta ce, "Ka ga ni ban iya lasar ƙasa ba." Darekta ya ce, "Da kyau." Shi ke nan abin da ya ce, amma da ma shi ba ya wuce haka.

Yunwa nake ji kamar in ci kujera.

Laraba dai, bayan magariba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Baballe ya bi masu laccar yau bi da bi, yadda suka tashi. Na farko, mai majigin da ya ƙi kamawa. Na biyu, Dakta Monica, yadda take cire gilashi ta nuna mutum da shi, "To, jama'a, ku ji ni da kyau." Ita da kanta ta fi kowa ihu. Na uku ni ne. Kowa ya sani, har wasu sun fara juyowa suna nemana da ido suna murmushi.

Ya tsaya. Ya gyara rawani. Ya wuce na huɗu.

Fili ya yi wani irin shiru kafin dariya ta dawo. A cikin shirun nan na ji wata mata a bayana ta ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, ya tausaya masa. Ai ba kyau a yi wa mai lalura." Ɗayar ta ce, "Wallahi kuwa, bawan Allah."

Mai lalura.

Da safe na tsaya gaban mutanen nan na yi abin da kowane mai lacca ya yi. Da yamma an cire ni daga cikinsu an ajiye gefe, kamar ƙwai a cikin kaya. Duk wanda aka kwaikwaya, bayan an tashi mutane sun kewaye shi ana tafawa. Ni kuwa sannu aka yi ta yi mini. Sannu, Malam. Sannu da ƙoƙari. Har wani ya dafa kafaɗata.

Na ji haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa. A gida na ce wa Rahma Baballe ya wulaƙanta ni. Ta ce, "Shi ko kai? Ka je ka ɗaure masa baki da uwarsa, yanzu kana cewa bai yi magana ba." Na ce ai kare kaina na yi. Ta ce, "Taubashin da ya daina tsokanarka ai ya sallama ka ne, Abban Ni'ima. Ka ci tuwonka."

Ban ci da yawa ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na same shi da safe wajen mai shayi a ƙofar ɗakin taro, shi kaɗai. Ya fara, "Malam Taufiq, an tashi—" Na ce dakata. Na ce yau ka yi ni.

Ya ce, "Ni? Ka manta abin da aka ɗora mini? So kake in shiga wuta saboda kai?" Ya kurɓi shayinsa. Ya ce wanda ya ɗaura, shi zai kwance. Ya miƙo mini wayarsa, ya riga ya danna lambar Goggo.

Ya san ba na son waya. Mugu. A waya babu fuska babu hannu, in na maƙale sai a yi ta "Hello? Hello?" a kashe. Na karɓa. Goggo ta yi ta "Wa ke nan?" ina ta fama da "Go" ɗin. Da ta gane, na ce ta janye. Ta ce, "Ikon Allah! Ran Asabar ka zo kana roƙo a hana, yau kana roƙo a yi? Ku 'yan boko ba ku san abin da kuke so ba." Na ce na sani yanzu. Sai ta ce, "Ba shi wayar." Ina ji ta ce masa ta yafe, amma in ya sa na yi kuka sai ta ci mutuncinsa.

Ya mayar da waya aljihu. Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Inji, ka ga yadda ka rame kwana biyar babu mai?"

Wallahi sai na ji kamar an zare mini ƙaya.

Laccocin yau ban riƙe komai ba, sai wani da ya yi magana a kan farashin taki. Sau biyu na yi niyyar in je in ce a fasa.

Shi aka bari na ƙarshe, rufe taro. Ya yi na yau duka. Sannan ya ce, "Jama'a, jiya na tsallake wani, don sai da na nemo izini daga sama." Ya cika aljihunsa da ƙasa har tana zuba. Ya fito da irin tafiyata, kai a ƙasa kamar mai neman allura. Ya tsuguna gaban darekta ya dangwali ƙurar takalminsa ya lasa: "Akwai kanwa." Ya lashi jakar Dakta Monica. Ya ce ranar da aka kai ni ganin Rahma, ban dubi yarinya ba, sai da na ɗanɗani tsakar gidansu na ce wannan gida ruwa ba ya kwanciya, na yarda. Ƙarya yake yi. Amma Stephen sai da ya faɗo daga kan benci.

Sai ya zo wurin. Na san zai zo. Ya riƙe abin magana, ya haɗe leɓe: "Mmm..." Ya bar bakinsa a haka, ya koma gefe ya zama Malam Abdulsamad: ya ciro goro, ya ɓare, ya ci, ya je ya kama ruwa, ya dawo, ya tambaya, "Ta fito?" Ya koma ya zama ni, ya kama igiya ya ja. Tu-tu. Ya ja. Tu-tu-tu. Jama'a suka ɗauka tare da shi, "A zuba masa mai!" Ya ja na ƙarshe: "MAGUDANA!" Fili ya tashi.

Na duba kaina in ji inda ya yi ciwo. Ban samu ba. Dariya nake yi, har da hawaye, Allah ya sa kada Goggo ta ji labarin hawayen.

Da suka lafa sai ya cire gilashin nan nasa ya ce, "Ku da kuke dariya, kowa a nan yana da inji a gona. Wanda ke tashi bugu ɗaya ya mutu rana tsaka, da wanda sai an ja an ja, amma in ya kama sai gona ta ƙoshi, wanne kuke ajiyewa?" Ya nuna ni da gilashin. "Namu ne, mu muka san shi. Ku je ku cire kacalla kafin ya zo ya lashe muku gonaki."

Ba wanda ya yi mini sannu yau. Kewaye ni aka yi. Wani ya miƙo mini ƙasa a tafin hannu wai in ɗanɗana masa. Malam Abdulsamad ya ce ranar Asabar ta sama suna da taron sashe, in zo in yi musu bayanin da bakina. Darekta yana tsaye yana ji. Ya ce wa Dakta, "Ashe kin bar mana magaji a gona."

Na rage wa Baballe hanya a babur har Bunkure. Duk hanya yana tu-tu-tu a kunnena. Na ce in bai yi shiru ba zan juye shi a kanal. Sai da na ja kafin "kanal" ta fito, ya ce kafin ka gama faɗa mun wuce shi.

Jumma'a, 14 ga Fabrairu

Barci har hantsi. Rahma ta ce ta leƙo sau biyu ta ga ko ina numfashi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Hoton bidiyon ya zaga, kamar yadda na ji tsoro. Mai faci a Kwanar Gafan ya ce, "Kai ne mai lasar ƙasa?" Na ce ni ne. Ya ce gonar babansa ta fara fari ta gefen yamma.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Taron sashe a gindin mangwaro, bakin kanal. Mutum ya kai arba'in ko fiye. Sun sa ranar gayya don cire kacalla, bayan an kwashe tumatir. Na maƙale a wurin da na saba. Wani daga baya ya ce a zuba mai, aka yi dariya, na ci gaba. An yi musu sosai a kan wa zai fara daga wane gefe, har na sa baki. Ba wani abin rubutawa.

Tumatir ya faɗi a kasuwa. Tayar baya tana son canji.

Baballe ya turo saƙo wai Goggo tana nemana ranar Jumma'a, in zo da Rahma da Ni'ima. Hannuna duk laka, don haka na danna na amsa masa da murya. Ya ɗan yi tsawo. Sai da ya tafi na tuna ban saurara ba kafin in tura.

Rahma ta ce wai kwanan nan na cika surutu. Ban san me take nufi ba.